Hannun da Malam Ya Ɗaga

A wani ƙauye da ke bakin fadama cikin ƙaramar hukumar Miga akwai wani dattijo da ba a cika kiran sunansa na yanka ba. Yaro da babba, Malam kawai suke cewa, domin da wuya a sami gida a garin da bai koyar da wani daga cikinsa ba. A ɗakinsa akwai tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda ba ya barin jikoki su taɓa. A ciki yake ajiye takardun gonarsa, da takardar sallamarsa daga aikin koyarwa, da wani littafin rubutu irin na 'yan firamare wanda bangonsa ya koɗe. Shafi uku kaɗai aka yi rubutu a cikinsa. An jera lambobi daga 1 zuwa 43, kuma a gaban kowace lamba akwai kalma guda, ko dai "e" ko "a'a". A saman shafin farko ya rubuta kwanan wata da jan biro: Asabar, 10 ga Nuwamba, 2012.

A wannan rana ce Majalisar Wakilai ta Tarayya ta kira taron jin ra'ayin jama'a a dukkan mazaɓunta 360 a lokaci guda, domin gyaran Kundin Tsarin Mulkin 1999. Aminu Waziri Tambuwal ne kakakin majalisar a lokacin, mataimakinsa Emeka Ihedioha kuma shi ke jagorantar kwamitin gyaran. An tsara tambayoyi 43 da za a karanta wa jama'a su amsa: ko a kafa 'yan sandan jihohi, ko a cire wa shugaban ƙasa da gwamnoni rigar kariya, ko a bar mutum ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, ko a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Malam ya je taron mazaɓarsa ta Jahun da Miga. Lokacin kaka ne, ga aiki jibge a gona, amma ya bar wa 'ya'yansa, ya sa babbar rigarsa, ya soka littafi da biro a aljihu.

Ruwa ne ya kai shi wurin. Shekarar 2012 shekarar ambaliya ce a Najeriya, wadda ta taɓa mafi yawan jihohin ƙasar, amma mutanen Miga ba sa buƙatar wata shekara ta musamman kafin su san halin ruwa. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce a kan hanyar Kogin Haɗeja, wanda ke ɗauko ruwansa daga Jihar Kano, inda madatsun Tiga da Challawa suke. Ga kuma kacala da ta toshe magudanan ruwa a sassa da dama na kwarin. Fadamar da ke ba su shinkafa da kifi ita ce kuma ke cinye musu gona da katanga in ruwa ya yi yawa. Tsakanin garin Malam da kogi akwai jinga ta ƙasa, wadda matasa ke tarawa da buhuna ta hanyar gayya duk lokacin da suka ga ruwa ya fara tasowa. Sau da dama dattawa sun roƙi a kawo mota da kayan aiki a ɗaga jingar tun da rani. Kansilansu, wanda shi ma Malam ya koyar da shi, yakan durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Malam, wallahi mu ma jira muke yi."

Malam ya bincika abin da ake jira, ya gano cewa a rubuce yake. Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya tanadi cewa kowace jiha za ta buɗe asusun haɗin gwiwa, inda za a riƙa zuba kason ƙananan hukumominta daga asusun tarayya. A lokacin, kuɗin Miga, kamar na sauran ƙananan hukumomin jihohin ƙasar nan, sai sun bi ta babban birnin jiha kafin su iso gida. Don haka da aka zo kan wannan tambaya a wurin taron, aka fassara ta da Hausa, aka ce masu goyon bayan a soke asusun haɗin gwiwa su nuna, Malam ya ɗaga hannunsa sama sosai, irin ɗagawar yaron da ya tabbata ya san amsa. Ya waiga ya ga hannuwa da yawa a sama. Ya koma gida da yamma ya shaida wa mai ɗakinsa cewa yau an tambaye su.

Tafiyar da amsar ta yi

Da aka tattara sakamakon mazaɓun a 2013, ya nuna cewa mafi yawansu sun goyi bayan a ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu. Sai dai ra'ayin mazaɓu ba ya gyara Kundin Tsarin Mulki. Sashe na 9 ya shimfiɗa hanyar: sai kaso biyu bisa uku na 'yan Majalisar Dattawa da na Wakilai sun amince, sannan majalisun dokoki na aƙalla jihohi 24 cikin 36 su mara baya. Majalisar Tarayya ta tura batun jihohi, ya je ya faɗi a can a ƙarshen 2014, domin jihohin da suka yarda ba su kai adadin ba. Sauran gyare-gyaren da suka tsallake an ɗaure su cikin ƙunshi guda aka kai wa Shugaba Goodluck Jonathan. A watan Afrilun 2015 ya ƙi rattaba hannu, yana cewa ba a cika wasu sharuɗɗan Sashe na 9 ba, kuma an rage wa ɓangaren zartarwa iko. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wa'adin majalisar ya ƙare a watan Yuni, aikin shekara uku ya tafi haka nan.

Majalisun da suka biyo baya sun ɗauki darasi, suka riƙa raba gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya don kada faɗuwar ɗaya ta ja sauran. Amma batun ƙananan hukumomi ya sake faɗuwa a hannun majalisun jihohi a zagayen 2017, ya kuma faɗuwa a zagayen da aka kammala a farkon 2023. Sai ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abin da jama'a suka nema a hannun wakilansu a 2012 ya fito daga bakin alƙalai bayan shekara 12, kuma ko bayan hukuncin an ci gaba da ja-in-ja kan yadda za a aiwatar da shi.

Duk wannan Malam a rediyo ya tsinta, guntu-guntu, cikin shekaru. Babu wanda ya dawo garinsu ya tara su kamar yadda aka tara su da farko, ya ce ga inda maganarku ta kwana, ga wanda ya tare ta, ga dalilinsa. A tsakanin nan ruwa ya zo a 2018, ya zo a 2020, ya zo da ƙarfi a 2022, kuma kowane zuwa matasa ne da buhunansu.

Abin da doka ta ba talaka

Wanda ya karanta Sashe na 14 zai ɗauka an gama magana. Ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, kuma wajibi ne a tabbatar da shigarsu cikin harkar gwamnatinsu. Amma wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, wanda Sashe na 6 ya hana kotuna tilasta wa gwamnati bin abin da ke cikinsa. Alkawari ne da ba a kai ƙara a kansa.

Ƙofofin da Kundin ya buɗe wa jama'a kai tsaye kaɗan ne. Akwai zaɓe duk bayan shekara huɗu. Akwai ƙuri'ar raba gardama idan za a ƙirƙiri sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, kamar yadda Sashe na 8 ya tanada. Akwai kuma kiranye a Sashe na 69 da na 110, wanda ke buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa kafin a kai ga ƙuri'a. Tun 1999 babu ɗan majalisar da aka taɓa cirewa ta wannan hanya. An gwada a kan Sanata Dino Melaye, aka watse a matakin tantance sa hannu a watan Afrilun 2018. An gwada a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025, hukumar zaɓe ta ce masu sa hannun ba su kai adadin da ake buƙata ba. Babu wani tanadi da ya ba jama'a damar tattara sa hannu su tilasta a kaɗa ƙuri'a kan wata doka, irin wanda ake yi a Suwizalan, inda sa hannun mutum 50,000 cikin kwana 100 ke isa a mayar da dokar da majalisa ta zartar gaban masu zaɓe.

Abin da ya rage shi ne zaman jin ra'ayin jama'a. Bisa al'ada, bayan ƙudiri ya tsallake karatu na biyu akan miƙa shi ga kwamiti, kwamitin ya sa rana, ya gayyaci masu ruwa da tsaki, ya karɓi takardunsu, ya rubuta rahoto ga zauren majalisa kafin karatu na uku. Wannan mataki yana cikin ƙa'idojin da majalisa ta tsara wa kanta, kuma tana iya jingine su ko ta gaggauta su in ta ga dama. An ga haka a watan Mayun 2024, lokacin da dokar komawa tsohon taken ƙasa ta ratsa majalisun biyu cikin 'yan kwanaki, aka sa mata hannu ranar 29 ga watan, alhali mutane da yawa ba su ma san ana maganar ba.

Tambayar jama'a kuwa tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. A 1949, zamanin Gwamna John Macpherson, Turawan mulki sun bi matakai tun daga ƙauye zuwa gunduma, zuwa lardi, zuwa yanki suna neman ra'ayi kan sabon tsarin mulki, kafin babban taron Ibadan na Janairun 1950. A lokacin ƙasar Dutse da Jahun suna cikin Lardin Kano, kuma a cikin shekarar ne aka kafa NEPU a birnin Kano, wadda ta tsaya kan cewa talaka ya yi magana da bakinsa maimakon a yi a madadinsa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin Samuel Cookey, wanda ya karɓi takardun ra'ayi sama da 27,000, gwamnati ta ɗauki abin da ya yi mata ta ajiye saura. Shi kansa Kundin 1999 kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ne ya zagaya neman ra'ayi a kansa cikin ƙurarren lokaci, sannan gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ta ƙaddamar da shi da dokar soja mai lamba 24. A Jigawa ma an yi Taron Talakawa a Dutse a 2008, zamanin Gwamna Sule Lamido, inda masu ƙaramin ƙarfi suka faɗi damuwarsu da bakinsu a gaban manya. Ta fuskar tambaya dai, an sha tambayar ɗan Najeriya.

Gardama a ƙofar gida

Babban ɗan Malam ma'aikaci ne a Dutse, yakan zo gida ƙarshen wata. Wata rana bayan la'asar, suna zaune kan tabarma a ƙofar gida, aka yi sanarwa a rediyo cewa za a sake zaman gyaran Kundin Tsarin Mulki. Malam ya ce a miƙo masa adakarsa. Ɗan ya yi murmushi ya ce, "Baba, har yanzu ba ka gaji da mutanen nan ba? Sun gama rubuta abin da za su rubuta kafin su kira ku. Shan shayi ne kawai da ɗaukar hoto."

Malam bai musa ba. Sai ɗan ya ƙara da wata magana da ta fi ta farko nauyi. Ya ce ai ma ba dole ne ɗan majalisa ya bi abin da taro ya ce ba. An zaɓe shi ne ya yi amfani da hankalinsa, ya duba abin da mutanen zaure ba su gani ba. Kuma wa ya ce waɗanda suka cika zauren su ne jama'a? Mata nawa ne suka je taron 2012? Makiyaya nawa? Masunta nawa? Sau da yawa mai bakin magana da mai kuɗin mota ne ke zuwa, sai a rubuta cewa jama'a sun ce.

Akwai gaskiya cikin wannan. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Miga sun kai kusan 128,000, yau kuwa sun fi haka nesa. Ba za su taru a zaure guda su tsara sashe da ƙaramin sashe na doka ba, shi ya sa ake wakilci. Kuma akwai lokacin da ya dace wakili ya saɓa wa masu rinjaye, musamman idan abin da suke so zai danne marasa rinjaye. Dokar da ta shafi burtali da mashaya, alal misali, in aka bar ta ga yawan hannuwa a zauren da manoma suka cika, makiyayi ya san makomarsa tun kafin a ƙirga.

Malam ya saurara har ɗan ya kai aya. Sannan ya ce, "Shekara talatin da biyar ina ba yara aikin gida. Ban taɓa cewa duk abin da yaro ya rubuta daidai ne ba. Wani in ba shi maki, wani in soke masa da jan biro. Amma ka taɓa ganin na karɓi littafin yaro na ƙi maido masa? In na soke, zan nuna masa inda ya kuskure. Ranar da na fara karɓar littattafai ina zubawa a kwaba, ranar yara za su daina yin aikin, kuma ba laifinsu ba ne."

Ɗan ya yi shiru. Malam ya ce shi bai nemi a bi ra'ayinsa dole ba. Mai yiwuwa 'yan majalisun jihohin da suka ƙi amincewa suna da hujja: wataƙila suna tsoron albashin malaman firamare zai sake maƙalewa kamar yadda ya sha yi a shekarun baya, abin da shi kansa ya ɗanɗana. To, su fito su faɗa. A san wanda ya ce e da wanda ya ce a'a, kowa da sunansa, domin in zaɓe ya zo mutum ya san abin da zai auna. Wakili ya karɓi ƙuri'ar mutum, amma bai karɓe sanin da mutumin ya yi wa garinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wani mai digiri a Abuja da ya fi manomin Hantsu ko na Zareku sanin ta inda ruwa ke fara ɓallewa.

Inda aka mayar da sauraro wajibi

Wasu ƙasashen Afirka sun ɗauki wannan magana sun sa ta cikin doka mai haƙora. Kundin Afirka ta Kudu ya wajabta wa majalisun ƙasar su buɗe wa jama'a hanyar shiga aikin yin doka. A watan Agustan 2006, a ƙarar da ƙungiyar Doctors for Life ta shigar, Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta rushe dokoki biyu, ɗaya kan masu maganin gargajiya, ɗaya kan gyaran dokar zubar da ciki. Kotun ba ta duba kyawun dokokin ko muninsu ba. Hujjarta ita ce ba a ba jama'a damar da ta dace su yi magana ba, sai ta ba majalisa wata 18 ta koma ta yi abin da ya kamata. Kundin Kenya na 2010 shi ma ya tanadi haka a Sashe na 118, kuma kotunan ƙasar sun sha dakatar da dokoki saboda wannan dalili.

Kenya ta kuma nuna abin da kan faru idan sauraro ya zama na jeka-na-yi-ka. A 2024 an karɓi ra'ayoyi masu yawa kan ƙudirin haraji, matasa suka ga majalisa ta nufi zartar da shi duk da haka, suka fito kan tituna, har suka kutsa harabar majalisa ranar 25 ga Yuni. An rasa rayuka. Washegari Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa hannu ba. Maganar da aka ƙi amsawa a zaure ta koma titi, kuma kuɗin da aka biya a can ya fi tsada.

A Najeriya ma akwai lokutan da jama'a suka juya akalar doka. Dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, ta sauke shekarun takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Matasa ne suka bi ta tun daga Abuja har majalisun jihohi, suna wallafa sunan wanda ya goyi baya da wanda ya noƙe. Ƙudirin taƙaita kafofin sada zumunta kuma ya sha suka a zaman jin ra'ayi na Majalisar Dattawa a watan Maris 2020, bai sake motsi ba. Sai dai waɗanda suka yi nasara a waɗannan wurare suna da abubuwan da Malam ba shi da su: ƙungiya, lauyoyi, Turanci, intanet, da kusanci da Abuja.

Ƙofar da ta fi kusa

Dokokin da suka fi taɓa rayuwar mutumin Miga ba duka ake yin su a Abuja ba. Jigawa, wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991, tana da majalisar dokoki mai kujeru 30 a Dutse: ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma 27, da ƙarin Bulangu, Fagam da Kanya. Miga tana da kujerarta. A nan ake zartar da kasafin kuɗin jiha kowace shekara, a nan ake yin dokokin makarantun firamare, asibitocin karkara, haraji na jiha, da zaman manoma da makiyaya. A nan kuma gyaran Kundin Tsarin Mulki ke zuwa ya tsallake ko ya faɗi. Ƙasa da nan akwai majalisar kansiloli ta mazaɓu goma na Miga, wadda ke da ikon yin ƙananan dokoki kan kasuwa, tasha da tsabtar gari.

Jihar ta ga yadda doka kan daɗe a hanya idan jama'a suna ɗari-ɗari da ita. Gwamnatin tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, amma sai a watan Disamban 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu kan dokar kare yara ta Jigawa. Doka irin wannan, mai shiga cikin gida da aure da tarbiyya, ba ta zama da gindinta sai malamai da iyaye da sarakuna sun ga hannunsu a ciki.

Abin da zai kusantar da majalisar Dutse ga mutum irin Malam bai buƙatar jihohi 24 su amince. Sashe na 97 ya ba kowace majalisar jiha damar gudanar da aikinta da wani harshe na jihar tare da Turanci, idan ta yanke shawarar haka, kuma majalisar Legas ta daɗe tana zaman ranar Alhamis da Yarbanci. Ana iya taƙaita kowane ƙudiri da Hausa a shafi biyu, a karanta shi a Rediyon Jigawa mako biyu kafin zama, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi. Ana iya ɗaukar kwamiti ya bar Dutse ya zauna a inda dokar za ta fi shafa, a ranar da ba ta kasuwa ba, a lokacin da ba na shuka ko girbi ba. Ana iya ware zama na mata, domin matan Arewa sai a 1979 suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe, kuma har yau da yawansu ba za su yi magana a zauren da surukansu ke zaune ba. Ana iya karɓar ra'ayin wanda bai iya boko ba, da baki ko da ajami ko ta saƙon murya a waya.

Mafi girma cikinsu shi ne abin da Malam ya nema: rahoton da kwamiti ya kai zaure ya fito fili, ya nuna abin da aka ce, abin da aka ɗauka, abin da aka bari da dalilin barinsa, sannan a rubuta ƙuri'ar kowane ɗan majalisa da sunansa kan manyan ƙudirori maimakon a wadatu da amon murya. Sauran matakan suna kawo mutane zaure karon farko. Wannan shi ke sa su dawo karo na biyu.

A watan Yulin 2025 aka yi zaman jin ra'ayi na yankin Arewa maso Yamma a Kano, kan sabon zagayen gyaran Kundin. Malam ya haura saba'in, gwiwoyi sun ƙi, ga damina ta kankama, hankalin gari duka yana kan kogi. Bai je ba. Amma da daddare ya kira jikarsa, wadda ke aji biyar a sakandare, ya ce ta zo da takarda da biro. Ya buɗe adaka ya fito da tsohon littafin, ya sa ta karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wasu amsoshin ya ce yana nan kan bakansa. Guda biyu ya ce ya sauya ra'ayi, ya kuma gaya mata dalili.

Sannan ya yi mata shifta ta wasiƙa zuwa ga ɗan majalisarsu na jiha, tunda duk abin da aka yanke a sama sai ya biyo ta hannunsu. Ya fara da sallama da addu'a, ya ambaci jingar da shekarun da ruwa ya ci gonaki, ya faɗi ra'ayinsa kan kuɗin ƙananan hukumomi. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Kaka, kana ganin zai karanta?"

"Rubuta dai," in ji shi. "Ki sa a ƙasa cewa idan ranar ƙuri'a ta zo, ko ya bi maganata ko bai bi ba, ina roƙon ya aiko a gaya mana abin da ya zaɓa da dalilinsa. Ki sa lambar wayar babanki."

Ta rubuta. Ya sa ta kwafe wasiƙar a shafi na huɗu na littafin, ya sa kwanan wata da jan biro, ya mayar da shi cikin adaka. Da safe ya ba direban motar da ke bi ta Jahun da Kiyawa ambulan ɗin, ya ce ya kai wa ɗansa a Dutse, shi kuma ya kai da hannunsa, ya tsaya har a buga hatimin karɓa a kan kwafi ya dawo masa da shi.